Rainon Yaro Ɗan Shekara 1 Zuwa 3 A Kurmi: Kwanonsa, Tabarmarsa Da Dabbobin Tsakar Gida

Duk wanda ya san gidajen hayar da yawancinmu ke zaune a Agege, Idi-Araba, Sabon Badun, Shagamu ko Ama Hausa ta Owerri, ya san yadda tsakar gidan take. Ɗakuna a jere suna kallon juna, baranda ɗaya, famfo ko rijiya ɗaya. A nan ake girki, a nan ake wanki, a nan kajin wata ke kiwo, ga akuyar wani a ɗaure jikin taga, wani lokacin ma ga karen maƙwabci yana shiga yana fita. A cikin wannan cakuɗeɗen wurin ne yaron da ya fara tatata yake wuni, hannunsa ɗaya a ƙasa, ɗaya a baki.

Na yi raino a irin wannan gida, na kuma sha zama a layin awo ina jin koke-koken iyaye mata. Koken ba ya wuce guda biyu: "yarona ba ya cin abinci", da kuma "ba ya rabuwa da gudawa". Abin da na fahimta shi ne, maganar abinci da maganar dabbobi a wuri ɗaya suke haɗuwa, wato inda yaro yake ci da yadda yake ci. Yaron da ke yawo da ƙosai a hannu shi ne wanda ba ya ƙoshi, shi ne wanda ƙosansa ke faɗuwa cikin kashin kaji ya ɗauka ya mayar baki, kuma shi ne wanda zakara ko kare ke bi. Idan aka gyara wannan, an rage rabin wahalar.

Me ya sa ya rage ci bayan shekara ɗaya?

Jariri yakan ninka nauyin da aka haife shi da shi har sau uku kafin ya cika shekara. Daga nan girman sai ya lafa, a shekara guda bai fi ya ƙara kilo 2 zuwa 2 da rabi ba. To jikin da ya rage gudu, ai dole ci ma ya ragu. Ga shi kuma ya gano ƙafarsa, wasa ya fi masa abinci daɗi, kuma a wannan lokacin ne yake koyon cewa "a'a". Saboda haka yau ya cinye kwano, gobe ya ture, wannan ba ciwo ba ne muddin yana wasa kuma awonsa na hawa a katin asibiti.

Cikinsa ma ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan wata 12 zuwa 23 a ba shi abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani, ga kuma nono. A kowane zama abin da ake so ya ci bai wuce kofi ɗaya mai cin mililita 250 ba. Idan kina son ki gane yawan, rabin ledar fiya wata ke nan. Kin ga idan aka cika wannan ɗan cikin da lemon roba, biskit da alewa tun hantsi, ina tuwo zai shiga? Yawancin yaran da ake cewa ba sa cin abinci, wallahi ci suke yi, a shagon ƙofar gida suke ƙoshi.

Shayi ma a yi hankali da shi. Mun saba da shayi da burodi da safe, amma ganyen shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, wanda shi ne ke ƙara jini. Yaro ƙarami ya sha madara ko ruwa, a bar wa manya baƙin shayinsu.

Maganar ɗura

Har yanzu akwai gidajen da ake kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a ɗura masa kunu da tafin hannu. Mu muna yi, maƙwabtanmu Yarabawa ma suna yi da nasu kokon. Haɗarin shi ne, yaron da ke kuka yana jan numfashi, kunun yakan bi hanyar iska ya sauka a huhu. Wani ya ƙware nan take, wani kuma bayan kwana biyu a ga zazzaɓi da numfashi sama-sama, a asibiti a ce nimoniya ce. Bayan haka, yaron da aka saba yi wa ɗura da ya hango kofi sai ya fara ihu, cin abinci ya zame masa yaƙi.

Abin da ya fi, a shimfiɗa masa tabarma ko leda mai tsabta a wuri guda da ya sani, a wanke hannunsa da sabulu, a zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, wani babba ya zauna da shi. Kwanon kansa yana da amfani, domin idan ya sa hannu a kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share, ke kuma ba ki san nawa ya ci ba. A bar shi ya ci da hannunsa ko da zai ɓata riga, ana taya shi da cokali. Idan ya kai kamar minti 20 ya ƙi, a ɗauke ba faɗa ba duka, kuma ba a maye gurbin da biskit. Sabon abinci kuwa sau da yawa sai an kawo shi sau goma ko fiye kafin yaro ya karɓa, don haka ƙin farko ba shi ne ƙarshe ba.

Me za a zuba a kwanon?

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne, a Kudu maso Gabas kashi 18. Zaman Kurmi kaɗai ba zai cire yaronmu daga wancan lissafin ba idan a ɗakinmu koko ne da safe, farar shinkafa da rana, tuwo da romon miya da dare.

Ma'aikatan lafiya sun kasa abincin yaro gida takwas, ana so kullum ya samu aƙalla biyar daga ciki: nonon uwa, hatsi da doya da dankali da filanten, wake da gyaɗa da waken suya, madara da nono, nama da kifi da hanta, ƙwai, ganye da kayan itace masu ruwan ɗorawa irin su gwanda, mangwaro, karas da kabewa, sai sauran kayan lambu da 'ya'yan itace. Kada lissafin ya ba ki tsoro. Nono, da shinkafa da wake, da ɗan kifi, da yankan gwanda, ai biyar sun cika.

Kuma a nan Kudu akwai abubuwa masu araha da ba mu cika waiwaya ba. Busasshen kirefish idan aka daka shi lukui, cokali ɗaya a cikin faten doya ko miya ya ƙara wa abincin ƙarfi. Ganyen ugu, da ewedu wanda shi ne lalonmu na gida, ba su da tsada. Manja yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Alale da ƙosai da awara duk abincin gina jiki ne. Kunu kuwa a dama shi da kauri, irin wanda ba ya zuba daga cokali da sauri, a sa masa garin soyayyen waken suya ko gyaɗa da ɗan mai. Kunu mai ruwa tsululu cika ciki kawai yake yi.

Sai tsohuwar maganar nan ta cewa ƙwai yana sa yaro sata. Haba jama'a! Dafaffen ƙwai ɗaya yana cikin mafi amfanin abin da za ki iya ba shi. Haka nama, a daina barin yaro da ƙashi yana tsotsa, a yanka masa tsoka ƙanana ko a daka.

Abubuwan da ake kiyayewa: kada a ba yaron da bai cika shekara ba zuma, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Gyaɗa guda-guda, aya, gugguru, alewa mai tauri da dabino da ƙwallonsa duk suna maƙalewa a maƙogwaro, musamman idan yaro na ci yana gudu. A niƙa, ko a jira ya kai shekara 5. Idan har ya shaƙe ba ya iya kuka ko tari, a duƙar da shi a buga tsakiyar bayansa da tafin hannu sau biyar, idan bai fita ba kuma ya wuce shekara ɗaya, a tsaya ta bayansa a matsa saman cibiyarsa ciki da sama sau biyar, ana yi ana neman abin hawa zuwa asibiti.

Nonon shanu da ake sayowa a kara ko a hannun masu talla, a tafasa kafin a ba yaro, don ɗanyen nono na iya ɗauko tarin fuka na shanu da wasu cututtukan. Sannan zafi da laimar Kudu suna saurin lalata abinci. Abin da aka dafa ya wuce awa biyu a ajiye, a sake ɗumama shi ya yi zafi sosai kafin a ba shi.

Yaye

Addini da likitoci sun haɗu a kan shayarwa har shekara biyu. Inda matsala take shi ne yadda muke yayen. Da yawanmu a rana ɗaya ake cire yaro, a sa shi a mota a kai shi Arewa wurin kaka. A lokaci guda ya rasa nono, ya rasa uwa, ya canza ruwa, ya canza abinci. Shi ya sa wasu ke dawowa a rame. Gara a fara rage shayarwar rana da kaɗan-kaɗan na wasu makonni, a tabbatar ya kama abinci sosai, sannan a cire na dare. Idan kika ga ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana karyewa, ko ya daina wasa, alamun tamowa ne, a kai shi asibiti a auna damtsensa.

"Gudawar haƙori" da kashin kaji

Fitar haƙori tana sa yaro dalalar da yawu da ƙaiƙayin dasashi, amma ba ita ke kawo gudawa mai ƙarfi ba. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe da tatata, lokacin da komai ya samu sai ya kai baki. Masu bincike a ƙauyukan Zimbabuwe sun taɓa zama suna kallon yara ƙanana na tsawon sa'o'i, suka ga suna cin ƙasa, wasu har da kashin kaji. Wannan ba sai an je Zimbabuwe ba, ki zauna a barandarku ki kalla. Kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, kuma idan hanjin yaro ya daɗe yana fama da su, ko ya ci abinci mai kyau ba ya tsotse amfaninsa yadda ya kamata. Sai ki ga ana ta ciyarwa, yaro ba ya gaba.

Don haka kaji su shiga akurki, aƙalla a lokacin da yara ke ƙasa, kuma kada su kwana ɗaki ɗaya da mutane. A share tsakar gida kafin a sauke yaro. Fo ɗinsa a zubar a masai nan take. A wanke hannu da sabulu bayan an yi masa tsarki da kuma kafin a ba shi abinci. Takalmi ma yana da amfani a nan fiye da gida, domin ƙasar Kudu mai danshi ce, akwai tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa. Daga shekara ɗaya ana ba yara maganin tsutsa, da bitamin A duk wata shida, kuma a makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara ana raba su a asibitocin unguwa.

Idan gudawa ta zo, maganinta na farko ruwan gishiri da sukari na leda ne, wato ORS, da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. A guji sayen haɗe-haɗen "maganin haƙori" a kemis. Waɗanda suka daɗe a Ikko ba su manta da maganin My Pikin ba, wanda daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 ya yi sanadin mutuwar yara 84 saboda wani sinadari mai guba da ya lalata musu ƙoda.

Awaki da ragunan layya

Yawancin mazajenmu harkar dabbobi suke yi, daga Kara ta hanyar Ikko zuwa Badun, da Oko-Oba, har Lokpanta a jihar Abiya. Gab da babbar Sallah kuwa kusan kowane gida da rago a ɗaure. Kan rago daidai yake da ƙirji da fuskar yaro ɗan shekara biyu, tunkuyi ɗaya ya isa ya kayar da shi a kan siminti. Igiyar turke ma tana harɗe ƙafa, wani lokacin har wuya. A ɗaure dabba a gefe da gajeriyar igiya, a kare wurin da benci ko katako, kuma idan yaro na son ya ba ta dusa ko ciyawa, ya yi a hannun babba, sannan a wanke masa hannu. Maigidan da ya dawo daga kara shi ma ya cire takalmi a waje, ya wanke hannu kafin ya ɗauki yaro.

Kare

Wannan shi ne abin da da yawanmu ba mu saba da shi a cikin gida ba, amma maƙwabtanmu suna ajiye shi don gadi ko farauta. Yaranmu sukan tashi da ɗayan biyu: ko su ga kare su kwasa da gudu suna ihu, ko su koyi jifansa daga yayyensu. Duka biyun cizo suke jawowa. Ga shi yaro gajere ne, cizon yakan same shi a fuska ko wuya.

Cutar haukan kare ba abin wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma idan aka yi allura da wuri, ana tsira.

Idan kare ko kyanwa ya ciji yaro ko ya yakushe shi har fata ta fashe, abu na farko a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15 cur. A duba agogo, minti 15 yana da tsawo. Kada a sa toka, barkono, man birki ko gashin karen. Daga nan a wuce asibiti a ranar, a faɗa musu kare ne, a karɓi allurar rigakafi, kuma a cika dukkan ranakun da suka rubuta. Idan an san mai karen, a nemi ya tsare shi a sa masa ido kwana 10, amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura.

Tun kafin a kai ga haka, maigida ya samu maƙwabcin cikin mutunci ya tambaye shi ko ana yi wa karen allurarsa ta shekara-shekara, a kuma yi yarjejeniyar lokacin da za a sake shi. Zama ne na tare, magana mai daɗi ta fi a jira sai abu ya faru a tashi unguwa tsaye. Mu ma mu hana yaranmu jifa. Kuma kada a bar yaro shi kaɗai da kare ko da an ce "ba ya cizo", musamman idan yana ci, yana barci, ko karya ce mai shayarwa.

Ɓera da maganin ɓera

Ragowar abincin da yaro ya watsar a lungu-lungu shi ne ke kiran ɓera. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma jihohin Ondo da Edo suna cikin waɗanda suka fi fama da shi, don haka 'yan'uwanmu na Owo, Akure, Auchi da Binin su ƙara kula. A rufe garin kwaki da hatsi a robar da ke da murfi, kwanon yaro da cokalinsa a wanke a kife.

Sai dai maganin ma wani haɗarin ne. Shinkafar ɓera da aka barbaɗa a bayan ƙofa, da fiya-fiya ko kananzir da aka zuba a robar lemo, yaro bai san bambancinsu da abin sha ba. A ɗora su sama inda ko ya taka kujera ba zai kai ba. Idan ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda ake yi a nan, domin kananzir idan ya dawo ta amai huhu yake shiga. A ɗauki robar a tafi asibiti da ita.

Yadda ake koya masa

Ɗan shekara biyu da ya shaƙe ɗan tsako ko ya ja wutsiyar kyanwa ba mugunta yake yi ba. Bai san abin yana jin zafi ba, kuma ko kin ce "kul" sau goma, bayan minti biyar ya manta, don hankalinsa bai kai riƙe doka ba tukuna. Duka a wannan shekarun tsoronki kawai yake koya masa. Abin da ke aiki shi ne ki duƙa daidai tsayinsa, ki kama hannunsa ki nuna masa yadda ake shafawa, ki ce "a hankali", kalma ɗaya kullum. Idan ya sake, ki ɗauke shi daga wurin ki ba shi wani abin yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da maimaici ake yi. Kuma abin da ya ga manya suna yi shi zai kwaikwaya: gidan da ake harbin akuya da ƙafa, yaro ma zai harba.

Wannan aikin ba na uwa kaɗai ba ne. Akurki, gajeriyar igiya, robar hatsi mai murfi, sabulu, ƙwai da ɗan kifi, duk daga aljihun maigida suke fitowa, kuma duka kuɗinsu bai kai na kwana biyu a gadon asibiti ba. Matan gida ɗaya kuma za su iya haɗa kai su ware gefe guda na baranda ya zama na yara, inda kaza da akuya ba sa zuwa, a riƙa sharewa bi da bi. Wadda za ta shiga wanka ko kicin ta damƙa yaronta a hannun wata babba da baki, kada ta bar shi da 'yar shekara shida ta ce ai tana kallonsa.

Allah Ya raya mana su, Ya tsare su, Ya sa mu ga amfaninsu.